Yaya zan gane farfaganda tun kafin ta ci ni?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce, muna da guruf na dangi a WhatsApp, kullum sai an turo odiyo ko bidiyo, yau a ce ga abin da ƙabila kaza ta yi wa mutanenmu, gobe a ce kar a yarda da allura kaza, jibi a ce ɗan takara kaza ya faɗi kaza. Yawanci Baffana ne ke turowa kuma ba na iya musa masa. Ni kaina wani lokaci sai raina ya ɓaci in tura gaba, daga baya in ji ashe ba haka ba ne. Don Allah akwai alamomin da mutum zai riƙa gane farfaganda da su tun kafin ta ci shi? Kuma mene ne bambancinta da wa'azi ko talla ko kamfen na gaskiya?"

Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri. Wannan maganar da kika yi cewa ke ma kin taɓa turawa daga baya kika gane ba haka ba ne, ita ta sa na zauna in amsa miki a tsanake, don yawancin waɗanda nake haɗuwa da su wurin horaswa kowa gani yake wasu ake yaudara ban da shi. Idan na fahimce ki abu uku kike nema, alamomin da ake gane farfaganda da su, sai inda ta rabu da wa'azi da talla da kamfen na halal, sai kuma wanda ba ki tambaya a fili ba amma yana cikin maganar, wato yadda za ki yi da Baffa. Ni dai na yi shekaru a ɗakin labarai na gidan rediyo, sannan akwai zaɓe guda da na ajiye aikin na shiga kwamitin yaɗa labarai na wani ɗan takara, kuma wallahi abin da na koya a watannin nan ya fi wanda na koya a aji, don a can na ga yadda ake girka abin tun daga hura wuta har zuwa rabo.

Ita kalmar ba tamu ba ce, daga Latin ta fito. A 1622 Fafaroma Gregory na 15 ya kafa wani ofishi a Rum mai kula da yaɗa addininsu a duniya, a cikin sunan ofishin kalmar take, kuma a lokacin ba zagi ba ce, yaɗawa kawai take nufi. Yaƙin duniya na ɗaya ne ya ɓata mata suna, bayan mutanen Turai sun gane irin ƙaryar da gwamnatocinsu suka shirga musu don su fita fagen daga. Mu ma ba yau muka fara cin karo da ita ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, duk da alherin da ta yi wa Hausa da karatun boko, ɗaya daga cikin dalilan da Turawan mulki suka kafa ta shi ne su isar da nasu ɓangaren labarin ana dab da yaƙin Hitila. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Amurka a 1979, ga Jamus ga Masko ga Sin ga Iran, kowa ya kashe kuɗinsa ya ɗauki Hausawa aiki ne don yana da abin da yake so Bahaushe ya ji. Amma ki tuna yadda iyayenmu suke yi a majalisa, tsoho zai ji Landan da sassafe, ya murɗa ya ji Jamus, ya ji Amurka, ya ji Kaduna, sannan a zauna a tankaɗe a rairaye, a ce ai ka san waɗannan ba sa shiri da wane shi ya sa suka faɗe shi haka. Sun san mai magana, sun san inda ya karkata. Abin da waya ta ƙwace mana ke nan. Odiyon da ke shigowa guruf ɗinku ba shi da suna ba shi da gari ba shi da kwanan wata, sunan da kike gani a kansa kawai shi ne na Baffa, shi kuma kin yarda da shi.

Ba kasafai take zuwa da ƙarya zalla ba

Wannan nake so ya fi zama miki. Mutane suna zaton farfaganda ƙarya ce tsagwaronta, to mai ƙarya zalla ba ta nisa, mai ƙarfin ita ce wadda aka ɗauko wata gaskiya da kowa ya sani kuma take masa ciwo, aka goya mata ƙarya a baya. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na rigakafin shan inna. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara a Kano, yara 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka tashi da nakasa, aka yi ta shari'a har sai 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano. Wannan ya faru, ba wai-wai ba ne. To da aka zo 2003 aka fara cewa ɗigon foliyo akwai maganin hana haihuwa a ciki, an shirya shi ne don a rage yawan Musulmi, duk wanda ya yi musu sai a ce masa ka manta abin da aka yi wa yaranmu a 96? ga shi kuma a shekarar Amurka ta afka wa Iraƙi zukata a cike suke, sai bakin mutum ya mutu. Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, sai a Yulin 2004 aka dawo bayan an yi gwaje-gwaje an kawo maganin daga Indunusiya, cutar kuwa ta bazu ta koma ƙasashe kusan 20 da a da suka rabu da ita, kuma a 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a cikin Kano. Yaran da ƙafafunsu suka shanye a waɗancan shekarun yanzu manya ne, muna wuce su a danja kullum. Abin da ya faru a 96 gaskiya ne, fushin mutane ma yana kan hanya, amma gaskiyar 96 ba ta faɗa mana abin da ke cikin kwalbar 2003 ba, magana biyu ce aka ɗinke don a haɗiye su tare. Duk saƙon da ya shigo miki ki koyi farke wannan ɗinkin, wanne ɓangare ne na sani tabbas, wanne ne aka goya masa.

Dabarun da na fi gani a wayoyinmu

A 1937 wasu masana a Amurka sun kafa cibiyar nazarin farfaganda suka fitar da dabaru bakwai da har yau ake koyarwa, amma ba zan jero miki su kamar karatun jarrabawa ba, zan tsaya a kan waɗanda suka fi yi mana ɓarna.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce laƙabi da kuɗin goro. Da zarar kin ji an daina cewa wasu 'yan bindiga sun kai hari an koma cewa Fulani sun yi, ko Hausawa sun yi, ko Ibo, ko arna, to an ɗauke laifi daga kan mutum ashirin an ɗora wa miliyoyi, har da jariri da tsohuwa mai sayar da nono. Mataki na gaba shi ne a cire su daga cikin mutane gaba ɗaya a kira su da sunan dabba ko ƙwaro ko cuta. A Ruwanda gidan rediyon RTLM da ya fara aiki a 1993 da kiɗa da barkwanci ya ja matasa, amma kullum yana kiran 'yan Tutsi kyankyasai, da aka zo Afrilun 1994 cikin kwana kusan 100 aka kashe mutum wajen 800,000, da yawa da adda, maƙwabci da maƙwabci. Kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ƙasar Tanzaniya ta ɗaure wasu jagororin gidan rediyon a 2003. A matsayina na wanda ya yi aikin rediyo wannan labarin ba ya barina, don na san daɗin da mai sauraro yake ji idan muryar da ya saba da ita ta yi masa magana, kuma da wannan yardar aka yi amfani.

Sai hoto. Mu Hausawa muna cewa gani ya kori ji, kuma masu wannan sana'a sun san mun yarda da haka. A watan Yunin 2018 da rikici ya ɓarke a Barikin Ladi a Filato, hotuna masu tayar da hankali suka cika Facebook ana cewa ga abin da ake yi wa mutanenmu yanzu yanzu, binciken BBC daga baya ya nuna wani bidiyon ma ba a Najeriya aka ɗauke shi ba, daga Kongo Brazzaville yake tun 2012, wani hoton jaririn kuma ya yi watanni yana yawo kafin rikicin. Amma matasa sun riga sun tare hanya a Jos sun kashe matafiyan da ba su ji ba ba su gani ba. An yi kisa na gaske a ƙauyukan, ba a musun wannan, tsofaffin hotunan su ne fetur ɗin da aka watsa. Hoto na gaske ne, gawar ma ta gaske ce, rubutun da ke ƙasa ne ƙarya, kuma idan zuciya ta tashi babu mai tsayawa tambayar rubutu.

Akwai kuma aron baki, wato a saka magana a bakin wanda ba za ki iya musa wa ba, wani babban likita, wani soja da ya ce a sakaya sunansa, wani malami a Madina, ko yarinya tana kuka. A ranar 10 ga Oktoban 1990 wata yarinya 'yar shekara 15 ta tsaya gaban 'yan majalisar Amurka tana hawaye ta ce ta ga sojojin Iraƙi suna cire jarirai bakwaini daga kwalabe a asibitin Kuwait suna barin su a ƙasa su mutu. Aka yi ta maimaita labarin har aka shiga yaƙi a Janairun 1991, sai a 1992 ta bayyana cewa 'yar jakadan Kuwait a Amurka ce kuma wani kamfanin tallata manufa da aka biya ne ya tsara fitowarta. Iraƙi ta mamaye Kuwait da gaske, amma jariran ne suka motsa mutane. Namu na gida ai kin tuna shi, daren nan na Agustan 2014 da aka yi ta buga wa mutane waya kafin asuba a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda Ebola, kowa ya ce daga wani babba ya ji, aka kwantar da mutane a asibiti wasu suka rasa ransu, musamman abin ya fi haɗari ga masu hawan jini. Waɗanda suka buga wayar nan ba mugaye ba ne, ƙauna ce ta sa uwa ta tashi 'yarta da ke wani gari, kuma mafi yawan abin da Baffa yake turowa ma ƙaunar ce.

Gaggawa ita ce abokiyar tafiyar duk waɗannan. A tura kafin a goge, kafofin yaɗa labarai ba za su faɗa muku ba, don girman Allah kar ya tsaya a wayarka, idan kai Musulmi ne na gaskiya ka tura wa guruf goma. Wannan na ƙarshen yana ɓata min rai ƙwarai, don an mayar da tsayawa a bincika kamar raunin imani, alhali addinin ne ya ce a bincika. Ita gaggawar da "kowa ya shiga kai kaɗai ka rage" su suka ci mutane a shirin zuba kuɗin nan na MMM, ana alƙawarin ribar kashi 30 a wata, abokinka ya nuna maka alat, har Disambar 2016 aka rufe asusun mutane. Dabarar mai damfara da ta ɗan siyasa a nan ɗaya ce, kada a ba ka daren da za ka kwana da maganar.

Wata dabarar kuma ba ta musun laifin ma, sai dai ta juya ki. Ki ce gwamnan nan bai biya albashi ba, a ce ina kuke lokacin da na baya ya yi kaza. Ko da na bayan ya yi, albashin dai ba a biya ba.

Abin da na gani a ɗakin kamfen

Maimaici shi ne jarin aikin. Kowace safiya ana zama a fitar da maganar ranar, jimla ɗaya ko biyu, a raba wa sojojin baka masu shiga rediyo da daddare, a raba wa yaran soshiyal midiya da ake saka wa data, a ba mawaƙi ya saka a amshi, zuwa magariba mutum ya ji ta a rediyon mai shayi, ya gan ta a Facebook, ya ji ɗan adaidaita yana faɗa, sai ya ce ai kowa ma ya sani. Bai san daga ɗaki ɗaya ta fito ba. Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan tun 1977, sun ga cewa maimaita magana kawai yana sa mutum ya ƙara jin gaskiya ce ko da ba a ƙara masa hujja ko ɗaya ba. Ki tuna zancen Jibrin na Sudan, Buhari ya yi jinya sama da kwana 100 a Landan a 2017, aka ce ai ya rasu an kawo mai kama da shi, magana ce da hankali ba zai ɗauka ba amma aka yi ta nanatawa har sai da shugaban ƙasa da kansa ya musanta a Poland a Disambar 2018. A farkon 2023 ma binciken BBC ya nuna jam'iyyu suna biyan masu tarin mabiya a ɓoye don su yaɗa yarfe a kan abokan hamayya. Alamar da nake gane wannan da ita ita ce idan na ga mutum goma da ba su san juna ba suna amfani da kalmomi iri ɗaya a rana ɗaya, har kuskuren rubutun iri ɗaya.

Akwai abin da na yi a can da har yau nake istigfari a kansa. Abokin hamayyarmu ya yi jawabi mai tsawo a wani taro, a ciki ya kawo wata mummunar magana da ake jingina wa mutanen wani yanki, ya kawo ta ne don ya ƙaryata ta. Muka yanke gaba muka yanke baya, muka bar daƙiƙa ashirin ɗin da yake faɗin maganar da bakinsa. Ba mu ƙara ko harafi ba, muryarsa ce fuskarsa ce, kuma da wannan muka riƙa kwantar wa kanmu da hankali cewa ai ba ƙarya muka yi ba. Ƙarya muka yi. Bayan kwana biyu na ji wani dattijo da nake girmamawa yana rantsuwa da Allah cewa shi da kunnensa ya ji. Tun daga ranar duk gajeren bidiyon da ya fara a tsakiyar jimla ya ƙare a tsakiyar jimla ba na yanke hukunci a kansa sai na nemo cikakken.

To wa'azi da talla fa

Jan hankali ba laifi ba ne, ke ma a aji kina yi, kina ba yara labari mai ban tausayi don darasi ya zauna. Mai wa'azi yana tsoratarwa yana kwaɗaitarwa, mai talla yana yabon hajarsa, ɗan takara dole ya ce shi ya fi. Ni inda nake duba bambancin shi ne, mai maganar ya fito da fuskarsa ko ya ɓuya, ya nuna miki inda za ki je ki duba ko ya ce ki yarda kawai, ya bar ki ki yi tambaya ko tambayar ce ta zama laifi. Malamin kirki zai ce ga aya ga hadisi ga littafin ga babin, je ki duba, kuma idan akwai saɓani zai ce akwai. Mai farfaganda ba ya son ki ji ɗaya ɓangaren ko da sau ɗaya, shi ya sa yake fara ɓata duk wanda zai iya ƙaryata shi, 'yan jarida an saye su, likitoci 'yan kore ne, malaman da suka saɓa malaman gwamnati ne, idan ya gama babu wanda ya rage sai shi.

Kuma mu da muka taso da karatun hadisi bai kamata wannan ya zama mana baƙo ba. Malaman hadisi ba sa karɓar magana don ta yi daɗi, sai sun ce wa ya faɗa maka, shi wa ya faɗa masa, sun haɗu kuwa, an san shi da gaskiya da kiyayewa? Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ce idan fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika don kada ku cutar da wasu mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama, kuma a Sahihu Muslim akwai cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Odiyon da ba a san mai shi ba, a ma'aunin malaman nan ko kallo bai isa ba.

Kafin in danna turawa

Abu na farko da nake dubawa ba saƙon ba ne, jikina ne. Idan na ji ƙirjina ya yi zafi, ko na ji daɗi ƙwarai don an kama wanda dama ba na so, to na san an taɓa inda ake son taɓawa, sai in ajiye wayar in yi wani abu. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun bi labarai kusan 126,000 a Twitter suka fitar da sakamako a 2018, labarin ƙarya yana isa ga mutum 1,500 da sauri kusan ninki shida fiye da na gaskiya, kuma mutane ne suka fi yaɗa shi ba na'ura ba, saboda ya fi ban mamaki ya fi tayar da rai. Idan na huce sai in tambayi wa ya fara faɗa, yaushe, a wane gari, kuma wa zai ci riba idan na yarda. Hoto kuwa ki yi masa sikirinshot ki saka a manhajar neman hoto ta Google Lens, sau da yawa cikin minti ɗaya za ki ga ya fito tun shekarun baya a wata ƙasa. A bidiyo ki duba lambar mota, rubutun shaguna, kakin 'yan sanda, yaren da ake yi a baya, har yanayi, an ce jiya ne a Zamfara cikin hunturu amma ga ciyawa shar. Kibiya biyun nan da WhatsApp ke sakawa a saman saƙo tana nufin ya bi hannaye da yawa, wanda ya turo miki bai san mafarinsa ba. Idan abin babba ne, an ce an kashe mutum ɗari ko gwamna ya sauka, ki jira awa biyu ki ga ko gidajen labarai masu suna da adireshi sun kawo, masu adawa da juna ma ba iri ɗaya ba. Akwai kuma masu aikin tantancewa irin su Dubawa da Africa Check da Alkalanci da ke yi da Hausa.

Inda dabarun nan suke da iyaka

Ba zan ce miki wanda ya san waɗannan ya tsira ba. Ni da nake koyar da su har yanzu akan ci ni, kuma kullum ta ɓangaren da nake so ake ci na, farfagandar abokan hamayya kowa yana hango ta daga nesa, ta gidanku ce take zuwa da kamar gaskiya. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira ta shigo, ana haɗa murya da fuskar mutum ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, kamar bidiyoyin nan da suka yi ta yawo a 2025 na manyan mawaƙan Amurka wai suna yi wa Kyaftin Ibrahim Traore na Burkina Faso waƙa, kunne da ido kaɗai ba sa isa a nan, sai dai a koma ga asalin inda abu ya fito. Odiyon Hausa ma babu wata manhaja da za ki saka shi ta nemo miki mafarinsa kamar hoto.

Sannan ki kiyayi ɗaya ramin, na zama wadda ba ta yarda da komai. Kalmar farfaganda ita kanta makami ce, mai mulki yana jefa ta a kan duk labarin da bai yi masa daɗi ba. Lokacin da aka sace 'yan mata 276 a Chibok a Afrilun 2014 akwai waɗanda suka daɗe suna cewa shiri ne na siyasa babu wanda aka sace, iyaye suna kuka ana ce musu wasan kwaikwayo suke. Cewa "duk maƙaryata ne" ba wayewa ba ce, masu ɓarna ma haka suke so ki ce don ki daina bibiyar su. Wani saƙon da ya zo da ihu da gaggawa gaskiya ne, akwai ƙauyen da odiyon WhatsApp ne ya sa mutane suka kauce wa hanya suka tsira. Alamomin nan ba sa cewa abu ƙarya ne, cewa suke ki tsaya ki duba.

Batun Baffa kuwa, kada ki gyara masa a cikin guruf gaban 'ya'yansa da surukansa, ko da ke ce da gaskiya zai kare maganar ne don ya kare girmansa. Ki kira shi ko ki je gaishe shi, bayan an gama gaisuwa ki ce Baffa bidiyon nan da ka turo ya tayar min da hankali har na je na duba, sai na ga ashe tun shekara kaza yake yawo, ga shi nan ka gani, na ce bari in nuna maka kada wani ya jingina maka. Ki nuna masa a wayarki ya gani da idonsa, ki bar shi shi ya koma guruf ɗin ya faɗa da bakinsa idan ya ga dama, idan bai faɗa ba ma kada ki matsa. Ba kowane saƙo za ki bi ba, ki zaɓi waɗanda za su iya sa a cutar da wani ko a ƙi kai yaro asibiti, sauran ki bar su su wuce ba tare da kin tura ba. Idan akwai wani babba a gidan da yake jin maganarsa, ko limamin unguwarsu, wani lokacin ta bakinsu ya fi shiga. Kuma ki roƙe shi alfarma ɗaya, duk abin da ya shigo masa mai zafi ya fara turo miki ke kaɗai ki duba masa kafin ya saka a guruf, dattawa da yawa da na sani sun karɓi wannan da hannu biyu, don su ma ba sa son a ce labarin da ya fito daga wurinsu ba gaskiya ba ne.